Ajin ɗinkin bargon ƙyallaye: ki fito da bargo, ba da takarda kaɗai ba

 

Maganarmu ta yau ta taso ne daga saƙon wata baiwar Allah da ke Kafin Hausa. Ta ce an buɗe aji a unguwarsu, wata malama za ta koya musu ɗinkin zanen gado da bargon da ake harhaɗawa da ƙyallaye, wata uku, kwana uku a mako. Kuɗin shiga daga kwasar adashinta ta fitar, maigida kuma ya amince bisa sharaɗin kada abincin rana ya yi latti. Abin da ke damunta shi ne wannan ne aji na uku da ta shiga. Ta yi na sabulu, ta yi na man shafawa, takardun shaida biyu suna nan a ƙasan akwati, amma har yau ba ta taɓa sayar da ko na naira ɗaya ba. Tana tsoron kada wannan ma ya bi sahun 'yan'uwansa. Na san ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na ga gara in amsa mata a nan kowa ta ji.

'Yar'uwa, ki shiga ajin nan da buri guda: ranar da za a yaye ku, ki fito da bargo ɗaya gamamme, wanda ke kika yanka, ke kika haɗa, ke kika ɗaure masa baki, kin wanke shi kin shanya bai zuba ba bai cukurkuɗe ba, kuma kin san ko nawa ya ci miki. Ko ɗan ƙarami ne na yaro, ya wadatar. Wadda ta gama ƙarami ɗaya ta fi wadda ta fara manya uku ta bar su a leda.

Bari mu fara da shi kansa aikin, don wasu na ɗauka faci ne kawai irin na mahon riga. Bargon nan hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka yanka aka jera aka ɗinke. Akwai ciki, abin da ake shimfiɗawa a tsakiya don ya riƙe ɗumi. Sai baya, yadi ɗaya shimfiɗaɗɗe. Abin da ke mayar da su bargo shi ne ɗinkin da ke ratsa hawa ukun gaba ɗaya, layi bayan layi, yana hana cikin motsi. Kuma kada wani ya ce miki aikin Turawa ne aka kawo mana. In kin taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina, kin ga 'yan lifida, su da dawakansu sun sha kauri kamar an lulluɓe su da katifa. Lifidi ba komai ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani aka bi da ɗinki, har ya yi kaurin da zai rage kaifin kibiya. Da irinsa aka yi yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da Barno, har Turawan da suka zo Barno a shekarun 1820 suka zana hoton mahayi da dokinsa cikin lifidi suka kai Ingila. Teloli maza ne suka riƙe wannan aikin a da. Ke dai kin ɗauko shi ne daga bayan doki kin mayar kan gado.

To, ga yadda aji yake a zahiri. Ni kaina na zauna a irinsa shekarun baya, a wata cibiya da ba sai na kama suna ba. Mun haura talatin, kekunan ɗinki huɗu, ɗaya ma ba ya ja sai an lallaɓa shi. In aka yi lissafi, kowace mace ba ta samun minti goma sha biyar a kan keke a rana. Sauran lokacin fa? Hira. Wace ce ta haihu, wace ce ta yi yaji, nawa ake sayar da mudun shinkafa a Haɗeja. Ni ma na yi hirar, ba zan ɓoye miki ba, wata guda cur na ɓata ina jiran layi. Sai daga baya na lura da wata dattijuwa da ke zama can gefe da almakashinta da allinta, ba ruwanta da keke. Yanka take yi. Ranar da layi ya zo kanta, cikin minti goma sha biyar ɗin nan ta haɗa abin da mu muka kasa haɗawa a mako biyu, saboda komai nata a yanke yake, a goge, a jere bisa tsari. A nan na gane cewa a wannan sana'a keke ne ke yin ƙaramin rabo. Babban aikin yana ga awo da yanka da guga, kuma duk ukun ba sa buƙatar layi.

Awon nan zan daɗe a kansa, domin a nan yawancin barguna ke mutuwa tun ba a haife su ba. A ɗinkin riga, in kika ci ɗan yadi fiye da kima, ba wanda zai gane, jiki zai ɓoye. A nan ba mai ɓoye miki. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba da ita ita ce a bar kwatan inci a kowane gefe don cin ɗinki. Ma'ana, in kina son murabba'in da zai fito inci 6 bayan an ɗinke, sai ki yanka inci 6 da rabi. Ɗauki bargon yaro mai faɗin inci 36 da tsawon inci 48: murabba'i 6 a faɗi, 8 a tsawo, guda 48 ke nan. Yanzu a ce a wani layin hannunki ya zarce, kina cin rabin kwata fiye da ƙa'ida a kowane ɗinki. Abu ne da ido ba ya ko gani. Amma kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci, don haka kwatan inci ke tafiya a kowace mahaɗa, kuma mahaɗa 7 ce a layin mai murabba'i 8. Kafin ki kai ƙarshe layin ya gajarce da kusan inci 2. Ki zo haɗa shi da na kusa da shi, kusurwa ba ta gamu da kusurwa ba, sai ki hau ja da ƙarfi, bargo ya fito da tumbi a tsakiya kamar an ɓoye ƙwarya a ciki.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ki auna kwatan inci daga allurar keke zuwa dama, ki manna salatif a kan farantin keken, bakin ƙyalle ya riƙa bin bakin salatif ɗin. In keken na aji ne, ki nemi izinin malama, kowa ma zai amfana. Sannan ki yanki ma'auni guda ɗaya da za ki riƙa ɗorawa kina zana alli. Da yawa kwali suke yanka, amma kwali bakinsa na cinyewa, kafin ki zana hamsin ya ragu ba ki sani ba. Ki nemi tsohuwar jarka ki yanko gefenta mai shafe, wannan sai ki gaji da shi. Kuma ki riƙa yanka bisa yadda zaren yadin ya miƙe. Ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi kamar roba, ba ya tsayawa inda aka ajiye shi.

Guga kuma ba irin ta wanki ba ce. Dannawa ake yi a ɗaga, ba gogawa gaba da baya ba, don gogawa na miƙar da ƙyalle. Duk ɗinkin da kika yi, ki danne shi kafin ki ɗora wani a kai, ki kwantar da cin ɗinkin wajen ƙyallen da ya fi duhu don kada ya haska ta cikin fari. Layi na farko ki kwantar da su dama, na biyu hagu, in kin zo haɗa layukan sai su shige juna, kusurwa ta zauna daram. Dutsen guga na gawayi ya isa, ba sai kin jira wuta ba. Ki dai riƙa share gindinsa, toka ɗaya tana ɓata farin ƙyalle.

Ina za ki samo ƙyallayen? Wajen telolin unguwa mana. Daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin Sallah, da kuma gabanin Babbar Sallah, buhu-buhu suke tarawa, wasu ma ƙonawa suke yi. Ki tura yaro da ɗan abin goro, ki yi magana da tela tun da wuri ya riƙa ware miki. Amma kada ki zuba duk abin da ke buhun a bargo ɗaya. Atamfa ta tafi da atamfa da yadin auduga mai irin kaurinta. Leshi ki ajiye shi gefe, ramukansa za su riƙa fitar da cikin. Mayafi mai santsi da yadin roba mai miƙewa su ma ba 'yan wannan tafiya ba ne, musamman ga mai koyo. Ki kuma duba abin da ke jikin ƙyallen. Duk wanda ke da rubutun ayoyi ko sunan Allah ba ya shiga abin da za a kwanta a kai, yaro ya yi fitsari. Atamfar siyasa mai fuskar ɗan takara kuwa, ke dai kin san ba kowane maigida ne zai yarda ya kwana lulluɓe da fuskar wani ƙato ba, balle in ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

Sai wanki, wanda a nan ne ni na sha kashi. Bargona na farko na haɗa shi da fari da shuɗi da wata jar atamfa da ta ɗauki raina. Mako biyar na yi a kansa, na kai wa ƙanwata ranar suna ina ta alfahari. Wankin farko, jan nan ya bi farin ya rine shi kaca-kaca, ƙyallayen da ba su taɓa ganin ruwa ba kuma suka tsuke, tsofaffin ba su tsuke ba, bargo ya yamutse. Ƙanwata ba ta ce komai ba, sai dai na je na tarar an mayar da shi shimfiɗar ƙasa. Malamarmu ba ta taɓa cewa mu wanke ƙyalle kafin yanka ba, ni kuma ban tambaya ba. Don haka ki wanke komai tun kafin almakashi ya taɓa shi. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu ki jiƙa kowanne daban a farar roba da ruwan ɗumi, ki ga abin da zai fito. Ki yi ta canza ruwa har ya fito fes. Wanda ya ƙi daina zuba, ki haƙura da shi komai kyansa. Za ki ji ana cewa a zuba gishiri ya kama launi. Na gwada ba sau ɗaya ba, bai hana komai ba.

Abin da za ki sa a ciki kuma, ki tuna inda kike zaune. Mu nan bakin fadama ne. Sanyin Disamba da Janairu yana shiga ƙashi, musamman ga masu fita gonar rani da masunta da ke sammako, amma wata biyu zuwa uku ne ya wuce, sai zafi, sai damina da laimarta. Duk wanda ke Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja bai manta ambaliyar 2022 ba, yadda katanga ta riƙa zubewa, aka riƙa fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Katifar soso da ƙaton bargo in suka sha ruwa, ba mai iya ɗaga su, kuma kafin su bushe sun yi wari. Saboda haka ni a ganina bargon da ya dace da mu shi ne mara nauyi, wanda mace ɗaya za ta wanke ta matse, rana ɗaya ta busar da shi, a naɗe a jefa a jaka. In sanyi ya yi tsanani a haɗa biyu. Tsohon zani biyu ko uku da suka yi laushi sun isa ciki, haka tsohon bargon da ya sire. Akwai kuma auduga ta roba da ake sayarwa shimfiɗe a yadi, ana samunta a Kano, tana da sauƙin wanki, sai dai ki zaɓi mara kauri in a keken gida za ki ɗinka. Audugar rimi kuwa ki bar wa matashi. Santsi gare ta, tana gudu ta taru a kusurwa, ba ta son wanki, kuma wuta na kama ta nan take. Ita ma ta robar narkewa take yi in ta ji wuta, don haka duk wadda kika sayar wa, ki gaya mata ta nisanta shi da kaskon jin ɗumi. Na jariri kuma a yi shi siriri, kada a rufe masa fuska da shi.

Yanzu ga sashen da na fi so ki buɗe ido a kai. Yawancin azuzuwan nan suna cinye wata biyu da rabi a kan fuska, saboda ita ce mai kyan gani, ita ake ɗauka a hoto. Haɗa hawa uku da ɗaurin baki sai a bar su makon ƙarshe, makon da hankalin kowa ya koma kan ankon bikin yaye da wanda za a gayyato ya raba takardu. Sai malama ta nuna sau ɗaya a gurguje, ku yi tafi, a watse. Ki koma gida da fuska mai kyau ba ki san yadda za ki mayar da ita bargo ba. Na san mata da yawa da fuskar bargonsu ke ninke a akwati shekara da shekaru saboda wannan.

Kada ki jira makon ƙarshe. Tun a mako na biyu ko na uku ki haɗa murabba'i 9, uku sau uku, ɗan abin da bai wuce rigar matashi ba, ki kai wa malama ki ce, Malama, don Allah a nuna mini yadda ake gama wannan har baki. A ɗan wannan za ki koyi duk matakan da babban bargo ke buƙata. Za ki ga cewa baya da ciki ana barinsu su fi fuska da inci 3 ko 4 ta kowane gefe, saboda ɗinki na janye su. Za ki ga ana shimfiɗa su a sharaɓen siminti mai tsabta, a miƙar, a kama su da dogon ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, ba daga gefe zuwa tsakiya ba, don iska da tattara su sami hanyar fita. In da fil kika kama, kada ki bar shi ya kwana biyu a jiki lokacin damina, tsatsa zai bari. Za ki ga tazarar layukan ɗinki ba ta wuce faɗin yatsu huɗu, in ta wuce cikin zai tattare a wanki. Sannan bakin: ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka biyu, a ɗinka ta fuska, a juya a kalmashe ta baya. Kusurwa ce mai wuya. Ki sa ta nuna miki kusurwa ɗaya, ke ki yi ukun a gabanta.

Malama kuma mutum ce, yadda kika ɗauke ta haka za ta ɗauke ki. Ki riga kowa zuwa, ki taya ta share wuri da zuba wa keke mai, a nan za ki koyi zura zare da gyaran ɗaurinsa da canza allura, abubuwan da in ba ki iya ba, duk ranar da keke ya yi gardama sai kin biya mai gyara. In ta ce farke, ki farke ba tare da kumbura fuska ba. Ɗalibar da ba ta son farkewa, malama kan daina duba aikinta, ta riƙa ce mata ya yi kyau don a zauna lafiya. In kika ji ana yawan ce miki ya yi kyau ba a juya bayan aikin an duba ba, to ki ji tsoro. Ke ma in ta kawo nata na gwaji, ki juya bayansa ki kalla, a can gaskiyar ɗinki take. Ki riƙe ɗan littafi na awo da lissafi. Masu ɗaukar bidiyo da waya ba na hana su, amma na lura wadda ta ɗauka takan saki jiki ta ce ai yana waya, ba ta sake buɗewa har wayar ta cika a goge.

Akwai maganar da ba a so a faɗa, amma zan faɗa. Da yawanmu ba don koyo muke shiga aji ba, don an ce ƙila a raba keke ranar yaye. In an raba, madalla. In ba a raba ba, sai a ce an cuce mu, a zauna. Wasu kuma a raba ɗin, kafin wata ya zagayo keken ya koma kasuwa, saboda hannun da aka ba shi bai iya ba. Alhali wannan sana'a ta girmi keke nesa ba kusa ba. Matan Bangaladash da gabashin Indiya suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ɗinkin hannu, suna kiran abin kanta. A jihar Karnataka ta Indiya akwai al'ummar Siddi, jikokin 'yan Afirka, matansu na yin nasu bargon mai suna kawandi da allura da zare kawai, suna farawa daga gefe suna zagayawa har su cike a tsakiya. Ba wadda ta jira keke a cikinsu. Ɗinkin hannun nan shi ne ma ya fi dacewa da matar aure, domin ana yinsa a tsakar gida bayan la'asar, ana hira, ana duba tukunya. Ki roƙi malama ta ware muku ko rana biyu a kansa. Minti talatin kullum a gida ya fi awa uku na aji amfani, kuma shi ne zai sa sharaɗin maigida na abincin rana bai zama abin faɗa ba. Ku kuma iyayen gida maza da ke leƙa wannan fili, in kun ba da izini ku cika shi: ranar da aka ce ta makara minti goma, kada a ce ajin ya ƙare.

Mu zo kan kuɗi, tunda a nan baiwar Allahn nan ta faɗi sau biyu. Daga ranar farko ki buɗe shafi ki riƙa rubuta duk abin da ya fita: abin goron tela, zare, yadin baya, ciki, gawayin guga, sabulun wanki, kuɗin mota in an sayo miki wani abu daga Haɗeja ko Kantin Kwari. Ki rubuta awannin da kika yi. Ba zan faɗi farashi a nan ba, don kafin ki karanta ya canza, amma in ba ki san abin da bargo ya ci ba, duk kuɗin da aka taya ki za ki ga kamar riba ce. Kuma ki san da wa kike gasa. Bargon kanti da ake shigowa da shi daga Sin da na gwanjo sun cika kasuwa, ba za ki iya karya musu farashi ba a babban gado. Ki duba lissafin: gado mai ƙafa 6 da 6, in kina son bargon ya sauko ta gefe, kina buƙatar kamar murabba'i 15 sau 14, wato 210, fiye da ninki huɗu na bargon yaro. Mai koyo ta fara da wannan, gajiya za ta kayar da ita kafin rabi.

Ki nemi inda kanti bai kai ba. Kyautar suna, shimfiɗar jariri, rigunan matashi na jeren amarya da suka dace da labulenta. Kafin Hausa gari ne mai jami'a tun 2013, ga Jami'ar Sule Lamido nan da ɗalibai masu ƙananan katifu, suna son abin da za su wanke da kansu su cusa a jaka ranar hutu, haka 'yan makarantun kwana. Sannan akwai wanda kanti ba zai taɓa iya sayarwa ba, wato bargon da aka yi da kayan mai shi. Mace ta kawo miki ragowar ankon bikinta da na sunan 'ya'yanta, ko zannuwan mahaifiyarta da ta rasu, ki haɗa mata abin da za ta lulluɓa da shi. Na taɓa yi wa wata irin wannan, da ta buɗe ta ga zanen da tsohuwarta ke ɗaurawa zuwa gaisuwa, sai da muka yi kuka mu biyu. Sai dai ki tabbatar an raba gado, zannuwan sun zama rabonta ko sauran magada sun yafe, kafin ki sa almakashi. Abin da aka yanka ba ya komawa. Bashi kuma, ki karɓi kuɗin kayan aiki kafin ki fara, ko da 'yar ɗakinku ce.

Abu na ƙarshe da aji ke bayarwa, wanda ba a rubuta shi a takardar shaida, shi ne matan da kika zauna da su. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, kogi ya kusa zagaye shi, mazaunansa baƙaƙen fata ne jikokin bayi. Matansu sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan gona da buhuna don maganin sanyi kawai. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa suna ɗinki suna sayarwa tare. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a kan sarki. Ban kawo wannan don in ce za a kai naki Amurka ba. Na kawo ne don ki ga sun yi aikin a ƙungiya. Tun kafin a yaye ku, ki lura da mata uku ko huɗu da ke zuwa a kan lokaci, masu farkewa ba gardama. Wata ta fi iya yanka, wata haɗa launi, wata tana da keke a gida, wata bakinta ya iya ciniki. Ku haɗa kuɗi ku sayi yadin baya da ciki a sari maimakon kowa ta sayi yadi biyu-biyu, ku sa rana ɗaya a mako da za ku riƙa haɗuwa a gidan ɗayarku. Shimfiɗa babban bargo da kama shi ma aikin mutum biyu ne, ɗaya ta ja nan ɗaya ta ja can.

Ke da kika aiko da saƙo, kafin zama na gaba ki wanke ƙyallayenki, ki yanko ma'aunin jarka na inci 6 da rabi, ki yanka guda 9 ki goge, ki sa a jaka tare da littafinki. In kin gama ɗan matashin nan har baki, ki sanar da ni yadda kusurwa ta huɗu ta kasance. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba haɗa launi, musamman yadda ake zaunar da atamfa mai manyan furanni kusa da 'yar'uwarta ba tare da sun yi faɗa ba.